Me ya fitar da Sifaniya cin ƙasashe, kuma ina azurfar ta shige?

Ɗan_Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum iyaye da yayye, barkanmu da war haka. Dan Allah ina da tambaya ga masana tarihi na zauren nan. Duk mai kallon bal ya san in an zo kofin duniya sai kaga Ajantina, Meksiko, Kolombiya, har Yurugwai ɗin nan da suka fitar da mu 'yan Ghana a 2010, duka yaren Sifaniya suke yi, ga Filifin can gabas ance sunan wani sarkin Sifaniya aka sa mata. To amma mu a sukul abinda aka koya mana shine Fotugis sun gina Elmina, Holan sun karɓe, Denmak suna Osu, Ingilishi suna Cape Coast, ban taɓa jin ance ga ganuwar Sifaniya a bakin tekunmu ba alhali nan ne ake kira gaɓar zinariya kuma ance su zinariya ce ta fitar dasu daga gida.

Shine nake so a warware min, ainihin me ya fitar dasu, addini ne ko kuɗi? Me yasa suka tsallake mu? Kuma wanda yafi damuna, ƙasar da ta kwashi dukiya haka yaya akai ta koma baya har Ingila da Faransa suka bar ta a hanya? Allah ya saka ma wanda ya amsa.

Ticha_Asawase ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da ta biyu dan ita ce ƙofar sauran. Ba tsallake mu suka yi ba, korarsu akai. A 1478 jiragen Kastil, wato babbar masarautar da daga baya ta zama ƙashin bayan Sifaniya, guda 35 sun zo nan gaɓar Mina sun yi ciniki sun cika da zinariya, Fotugis suka tare su a teku suka kwashe jiragen da mutanen da zinariyar gaba ɗaya. Shekara na zagayowa, 1479, aka yi sulhun Alkasobas, Kastil ta sa hannu cewa ta bar ma Fotugal duk gaɓar Gini, ita ta riƙe tsibiran Kanari. A 1482 Fotugis suka gina Elmina dan su kulle ƙofar da kyau. Kaga kenan hanyar kudu, wadda zata kai ka zinariyar Afirka ta kuma zagaya da kai Indiya wurin masoro da kanumfari da kirfa, an rufe ma Sifaniya ita. Saura yamma, inda ba wanda ya san me ke can.

Nan Kolombus ya shigo. Mutumin Jenowa ne ta Italiya, yayi aiki a jiragen Fotugis kuma shi da kansa ya rubuta cewa ya taɓa zuwa Elmina. Sarkin Fotugal ya fara kai ma shawarar, masanan fadar suka ƙi dan sun ga lissafinsa na girman duniya ya gaza sosai, kuma su ke da gaskiya. Sarauniyar Kastil Isabela da mijinta Fardinan ne suka yarda a 1492, da sharaɗin zai zama gwamnan duk inda ya samo kuma yana da kashi ɗaya cikin goma na dukiyar. Jirage uku kacal. Caca ce mai araha ga wanda aka hana shi babbar kasuwa. A 1494 suka zauna da Fotugal a Tordesiyas suka ja layi a tsakiyar tekun Atlantika, gabas naku yamma namu, ba wanda ya tambayi mutanen da ke zaune a wuraren.

Abinda mutane basu cika lura ba, mafi yawan yaƙoƙin nan ba sarki ne ya biya ba. Mutum zai ci bashi, ya haɗa abokai, kowa ya kawo doki ko takobi ko kuɗin guziri, a rubuta yarjejeniyar yadda za a raba ganima, sarki nashi humusi ne, ɗaya bisa biyar. Kortes da ya ci Meksiko da Fizaro da ya ci Feru duka 'yan Estremadura ne, yanki mai talauci da ƙarancin abin yi, irin samarin da suna da sunan gida amma ba gona ba gado. Kortes ya sauka a 1519 da mutane ɗari biyar da wani abu, Tenoctitilan, babban birnin daular Aztek, ya faɗi a 1521, amma kar wani ya ce maka jarumtar Turawa ce kaɗai, dubban mayaƙan Tilaskala, 'yan asalin ƙasar da suka gaji da mulkin Aztek ne suka yi mafi yawan faɗan, ga ciwon agana da ya shiga birnin a 1520 ya kashe mutane ba adadi dan jikinsu bai taɓa saninsa ba. Fizaro kuwa da mutane ƙasa da 200 ya kama sarkin Inka, Atawalfa, a 1532, lokacin ƙasar ta fito daga yaƙin basasa tsakaninsa da ɗan'uwansa. Sarkin ya cika masu ɗaki da zinariya, azurfa kuma ninki biyu, suka karɓa suka narkar suka raba, sannan suka kashe shi a 1533. Ni a ganina in kana neman dalili ɗaya mafi ƙarfi to ga shi nan, neman arziki da neman a ce wane ne.

AbuHafsa_SabonZongo ya rubuta:

Ticha Allah ya ƙara ilimi, amma gaskiya ban yarda a mayar da addini kamar wata riga da suka yafa dan a rufe sata ba. Ku duba shekarar mana. Watan Janairu 1492 Garnaɗa ta faɗi, daular musulmi ta ƙarshe a Andalus, watan Maris aka ba Yahudawa umarnin su karɓi kiristanci ko su fita, watan Agusta Kolombus ya tashi. Shekara ɗaya, fada ɗaya. Mutanen da suka ɗau ɗaruruwan shekaru suna yaƙi da musulmi, suna raba ƙasa da mutanen cikinta ga wanda yayi yaƙin, wannan tarbiyyar suka ɗauka suka tsallaka teku da ita. Shi Kolombus ɗin ma burinsa a yi amfani da dukiyar da za a samo a ƙwato Baitul Muƙaddas. Kuma takardar da ta basu hujjar mallakar ƙasashen ta Fafaroma ce, Alezanda na shida a 1493, shima ɗan Sifaniya ne, da sharaɗin su shigar da mutanen addini.

Har wata takarda suka tsara a 1513 da ake karanta ma mutanen gari kafin a kai masu hari, cewa ku miƙa wuya ga coci da sarki in kun ƙi jininku na wuyanku, ana karanta ta da yaren da mutanen basa ji. Abin yana min ciwo wallahi. Kuma abinda suka yi ma musulmin Andalus ya nuna da gaske suke. An yi alkawari a rubuce a 1491 za a bar su da masallatansu, ba a yi shekara goma ba aka ƙona littattafan Larabci a Garnaɗa, 1502 aka ce ko baftisma ko hijira, 1567 aka hana yaren Larabci da suturarsu, daga 1609 zuwa 1614 aka kori jikokinsu kusan mutum 300,000 duk da an riga an yi masu baftisma. Yankin Balensiya kaɗai ya rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanensa, manoma masu iya noman rani da masu sana'ar hannu. Wanda kuɗi kaɗai ke gabansa baya korar masu biyansa haraji. In ana lissafin abinda ya durƙusar da ƙasar a sa wannan a ciki.

Da suka isa Manila a 1570 zuwa 1571 musulmi suka tarar suna mulki, Raja Sulaiman, kuma musulmin kudancin Filifin sun yi ta faɗa dasu sama da shekara 300. A Amurka ma, ƙarshen 1521 bayi 'yan Wolof sun yi tawaye a gonar rake ta ɗan Kolombus, daga baya fada ta hana a kawo irinsu.

Amma dan adalci, addinin nan ne kuma ya fitar da masu tsawatarwa daga cikinsu. Wani fada Montesinos ya hau mumbari a 1511 ya gaya ma masu gonaki ido da ido cewa suna cikin zunubi. Wani fadan kuma, Las Kasas, ya ƙare rayuwarsa yana kare 'yan asalin ƙasar, har aka fitar da sababbin dokoki a 1542, aka kuma zauna muƙabala a Baladolid a 1550 kan ko yaƙin ma halal ne. Shi ɗin ne dai ya taɓa bada shawarar a kawo baƙaƙen fata su maye gurbinsu, daga baya yayi nadama ya rubuta hakan. Nadamar bata tsayar da jirgi ko ɗaya ba, tun 1518 sarki ya bada lasin kai bayi 4,000.

Hajiya_Kejetiya ta rubuta:

Sannunku Malamai. Ni ɓangaren kuɗin zan taɓa dan shi yaron yace yafi damunsa, kuma shi na ɗan karanta.

Ɗana, zinariyar Aztek da Inka an gama rabata cikin 'yan shekaru, ainihin dukiyar azurfa ce. 1545 aka gano dutsen Fotosi a Bolibiya ta yanzu, 1546 aka gano Zakatekas a Meksiko. Fotosi tana wajen mita 4,000 sama, sanyi ga ƙarancin iska, amma sai da ta tara mutane sama da dubu ɗari. Wa ke haƙa? A shekarun 1570 gwamnan Sifaniya a Feru, Toledo, ya tsara aikin tilas, kowace shekara namiji ɗaya cikin bakwai na ƙauyukan da aka ware sai ya tafi ramin. Kuma da zaiba ake tace azurfar, makurin nan dai da 'yan galamse masu haƙar zinariya ba izini ke zuba mana a kogin Ofin da Pra, ana haƙo ta a Wankabelika cikin Feru, mutane na shaƙa haƙora na zubewa jiki na rawa har mutuwa. Wannan aikin tilas ɗin sai 1812 aka soke shi a doka.

To ina kuɗin? Duk jirgi dole ya sauka a Sebiya, gari ɗaya tak aka yarda yayi kasuwanci da Amurka tun 1503. Amma kafin jirgin ya iso an riga an cinye kuɗin. Sarki Carlos ya ci bashi wurin gidan Fuga, masu banki na Jamus, ya sayi ƙuri'un zama sarkin sarakunan Jamus a 1519, daga nan yaƙi da Faransa, yaƙi da Turkawa, yaƙi da 'yan Furotesta, ɗansa Filib na biyu ya gaji karagar da bashin, ya ƙara da yaƙin Holan da aka fara 1568 ba a rufe ba sai 1648, shekara 80, ga jirage wajen 130 da ya tura Ingila a 1588 suka dawo a wargaje. Soja a Holan yana son albashi yau, azurfa kuma sai jirgin shekara ya zo, sai masu bankin Jenowa su bada kuɗin a can da ruwa mai tsada, in jirgi ya iso su kwashe abinsu. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Filib na biyu sau huɗu yana cewa bazai iya biya ba, 1557, 1560, 1575, 1596, kuma bayan na 1575 sojojinsa da ba a biya ba suka afka ma birnin Antwaf a 1576 suka wawashe shi, birni mafi arziki a ƙasashensa.

Wani abin kuma, ko a lokacin da azurfar ke zuwa sosai bata wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigar sarki ba, sauran talakan Kastil ne ke biya, masu sarauta da manyan coci an ɗauke masu harajin kai. Kaya suka yi tsada, farashi ya ninka sau uku zuwa huɗu cikin ƙarni na 16, masaƙin Sifaniya ya kasa gogayya da na waje, sai a fitar da gashin tumaki ɗanye a sayo yadi saƙaƙƙe daga Holan da Ingila da Faransa, har kayan da ake lodawa a Sebiya zuwa Amurka mafi yawa na baƙi ne. Wata azurfar ma bata ga Turai ba, daga tashar Akafulko ta Meksiko take wucewa Manila a sayo siliki da tangaran na Sin, tun 1565 har 1815. Ƙarshenta ƙasar da ke da dutsen azurfa ta koma buga kuɗin tagulla ma mutanenta.

Ina karanta wannan ina tuna mu ne, ga Obuasi ga Tarkwa, muna sahun gaba a zinariya a Afirka, amma Disamba 2022 gwamnati tace ta dakatar da biyan bashin waje, 2023 IMF ta amince ta bamu bashin dala biliyan 3. Ban ce ɗaya muke dasu ba, su zalunci suka yi suka samu, mu ƙasarmu ce. Amma cin kuɗin kaya tun kaya basu iso ba, wannan kam mun san shi.

Ɗan_Aboabo ya rubuta:

Mma Hajiya na gode, Malamai na gode. Amma nan kaina ya ɗaure, in tun 1557 basa iya biyan bashi ya akai suka riƙe ƙasashen har wajen 1820? Kusan shekara 300 fa kenan.

Ticha_Asawase ya rubuta:

Tambaya mai kyau, kuma shi yasa bana son a riƙa cewa daga 1588 komai ya ƙare. A Turai ƙarfinta ya fara raguwa, a Amurka kuwa ta daɗe. A 1628 wani kwamandan Holan, Pit Hein, ya kama jiragen azurfa na shekara guda a gaɓar Kuba, kuɗin suka ƙarfafa kamfanin kasuwancin Holan, 1630 suka shiga Burazil, 1637 suka karɓe Elmina. Kuma ka lura, daga 1580 zuwa 1640 sarkin Sifaniya shine sarkin Fotugal, kenan Elmina ta taɓa zama ƙarƙashin rawaninsa kuma a hannunsa ta suɓuce. 1640 Fotugal ta ɓalle, 1655 Ingila ta ɗauke Jamaika. A 1700 Carlos na biyu ya mutu ba ɗa, Turai ta yi yaƙi kan gadon, a sulhun 1713 Ingila ta samu Jibralta ta kuma samu kwangilar kai bayi 4,800 duk shekara har shekara 30 zuwa ƙasashen Sifaniya. Nan abin ya taɓa mu kai tsaye, dan Sifaniya bata da ganuwa a nan amma tana sayen mutanen da aka fitar ta Cape Coast da Anomabo ta hannun wasu.

Dalilin daɗewar, Turawan da aka haifa a can suna cin moriyar tsarin. Su ke da gonaki da ramuka, suna sayen muƙamai, in doka ta zo daga Madrid wadda bata masu ba sai a karɓa da girmamawa a ajiye, kaya kuma ana shigo dasu ta fasa ƙwauri. Suna kuma tsoron 'yan asalin ƙasa da bayi da suka fi su yawa, sarki ne garkuwarsu. Sabon gidan sarauta na Burbon ne ya zo yace zai gyara, aka tsaurara haraji, aka koma naɗa 'yan gida Sifaniya a manyan kujeru, aka kori limaman coci 'yan ƙungiyar Jesuwit a 1767, aka buɗe ciniki ga ƙarin tashoshi a 1778. Kuɗi ya ƙaru ƙwarai, azurfar Meksiko bata taɓa yawa kamar ƙarshen ƙarni na 18 ba, amma zuciyar mutane ta ɓaci. Tufak Amaru na biyu ya tada babban tawaye a Feru a 1780, aka kashe shi a Kusko 1781.

Sai 1805 Ingila ta farfasa jiragen yaƙin Sifaniya da Faransa a Tarafalga, 1806 da 1807 Ingilishi suka kai ma Buwenos Aires hari mutanen gari suka kore su da kansu ba taimakon Madrid, sun gane zasu iya kenan. 1808 Nafoliyon na Faransa ya tsare sarkin Sifaniya ya ɗora nashi ɗan'uwan a karagar. Tunda ba sarki wa za a bi? 1810 Karakas, Buwenos Aires, Bogota duk suka kafa majalisunsu, Fada Hidalgo ya tada Meksiko. Da sarkin da aka tsare, Fardinan na bakwai, ya dawo 1814 maimakon ya lallashe su sai ya soke tsarin mulkin 1812 ya tura soja. Boliba, jagoran masu yaƙin 'yanci, ya sha kashi ya gudu Haiti, baƙaƙen fatan Haiti ne suka bashi makamai da jirage a 1816 da sharaɗin ya 'yanta bayi, wannan ba a cika faɗa ba. 1820 rundunar da aka tara a kusa da Kadis dan a tura Amurka ta yi bore taƙi shiga jirgi. Meksiko ta tafi 1821, yaƙin Ayakuco a Disamba 1824 ya rufe babin kudancin Amurka.

Kuba ta tsaya ne saboda masu gonakin rake sun ga abinda ya faru a Haiti sun ji tsoro, bauta bata ƙare a can ba sai 1886. 1898 ƙasar Amurka (US) ta shiga yaƙin 'yancin da Kubawa ke yi, cikin 'yan watanni Sifaniya ta rasa Kuba, Fotoriko da Guwam, Filifin kuma aka miƙa ta ma US kan dala miliyan 20 duk da su 'yan Filifin sun riga sun ayyana 'yancinsu.

Baba_Alabar ya rubuta:

Yara kun yi ƙoƙari Allah ya yi albarka. Amma kun tsaya 1898 kamar a nan aka gama, Afirka fa? Tsibirin Fanando Po, Panya da ake cewa, sun karɓe shi hannun Fotugal a 1778, kuma daga can Tetteh Quarshie ya zo da irin koko ya shuka a Mampong Akuapem wajen 1879, kokon da ya gina rabin Kumasin nan kuma ya jawo iyayenmu da yawa daga arewa aikin gona da dako. Ita itaciyar asalinta daga Amurka take. Dubban leburori 'yan Najeriya sun yi kwantiragi a gonakin Panya, wahalar da suka sha ba kaɗan ba ce, Hausawa 'yan kasuwa ma sun zauna can. Sai 12 ga Oktoba 1968 ƙasar ta samu 'yanci, Ikwatoriyal Gini, shekara 11 bayan mu.

A arewacin Maroko kuma Abdulkarim Alkhaɗɗabi ya karkashe masu dubban sojoji a Anwal 1921, sai da Faransa ta shigo suka haɗu sannan aka iya dashi a 1926. Yammacin Sahara sun fita a gurguje 1975 zuwa 1976 lokacin mutuwar shugabansu Faranko, ba su yi ƙuri'ar jin ra'ayin da suka yi alkawari ba, suka bar ma Maroko da Muritaniya, har yau mutanen na zaune a sansanin gudun hijira a Tinduf cikin Aljeriya. Sabta da Malila kuwa suna hannunsu har gobe a kan ƙasar Afirka, Malila tun 1497. Ticha in ka samu lokaci ka buɗe mana maganar Sahara ɗin daban, dan yaranmu da yawa ta can gefen suke bi su hau kwale-kwale zuwa Kanari kuma basu san komai game da wurin ba.